Yadda Tela Ya Harbi Kaki Tara

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Tela, bangon kuma na falanki, saboda haka duk ƙaryar da ya yi a shekarun nan sai ta bi ta kunnena kafin ta fita titi. Ni gyaran rediyo nake yi, aikin da yake son shiru. Sai Allah ya haɗa ni da maƙwabcin da ko zare zai zura a allura sai ya yi jawabi.

Tela bai taɓa yanka ko kaza ba. In za a yanka a gidansa, ni matarsa take aiko wa. Amma in ana hirar yaƙi a bakin shago, shi ne mai jera runduna da murafun kwalba, yana nuna inda janar-janar ɗin duniya suka yi kuskure.

Wata Talata ya je aski, talabijin ɗin mai aski tana nuna wani gidan tarihi, ga kakin sojojin da a jere cikin gilashi, mutane sun yi layi suna kallo. Tela ya miƙe da rabin kai a aske.

"Wannan ne abin yi wa layi? Dubi kafaɗar waccan rigar yadda ta zube! Ni da na san kaki tun daga wuya har idon sawu? Ku ba ni wata ɗaya. Zan tara kakin yaƙi, in tara labarin waɗanda suka sa su, manyan ƙasa su zo unguwar nan su rasa wurin ajiye mota."

Mai aski ya ce, "Zauna in ƙarasa maka kan tukuna, kada kallon ya fara daga kanka."

Kafin sati ya zagayo an kafa allo a saman shagon: GIDAN TARIHIN KAKIN YAƘI. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, tsohon rubutun yana nan: ana ɗinki da faci. Ya kuma sanar da mu cewa daga ranar sunansa Darakta, wanda ya kira shi Tela kada ya sa ran amsa.

Ni aka ɗora wa ɗaukar rikoda, don ni kaɗai nake da ita. Muka shiga bin gidajen tsofaffin sojoji, da gidajen matan da mazansu suka rasu. Mutanen nan da sauƙin kai suke, sun daɗe ba wanda ya tambaye su komai, sai ka ga tsoho ya jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Matsalar ɗaya ce: Darakta ba ya bari a gama magana.

A gidan wani tsoho da kowa yake kira Kuku, ya kara masa rikoda a baki.

"Baba Kuku, faɗa wa duniya mutum nawa ka kashe."

"Ni? Wake na dafa, ɗana. Shekara huɗu ina dafa wake."

"Ka ji tawali'u irin na mazan jiya! To, ranar da maƙiya suka kewaye ku fa?"

"Ba su kewaye mu ba. Sau ɗaya dai tukunya ta kife mini a ƙafa."

Darakta ya juyo da rikodar bakinsa. "An ji masa mummunan rauni a fagen fama, amma bai bar bakin aikinsa ba."

Da na koma shago na saurari kaset ɗin. Minti arba'in ne, muryar Kuku ba ta cika minti uku ba, a cikin ukun ma rabi tari ne.

Haka muka tara kaki takwas, kowanne an maƙala masa 'yar takarda da fil, ɗauke da sunan mai shi da abin da ya faru da shi. Na tara shi ne wanda ya fi wuya, don a hannun surukin Tela yake, mahaifin matarsa, wanda muke kira Baba Kofur. Ya haura tamanin, idanunsa sun fara yin hazo. Rigar ma ba tasa ba ce, ta ƙanensa ce. Tare suka tafi yaƙi, shi kaɗai ya dawo. Ba a san kabarin yaron ba, ba shi da hoto, bai yi aure ba balle ya bar ɗa. Abin da ya rage nasa a duniya rigar nan ce, da huji ɗaya na harsashi a ƙirjinta, da wani tabo mai duhu kewaye da hujin. Ko 'yarsa sau biyu ta taɓa ganinta a warware.

Kwana uku Tela yana zarya. A rana ta uku tsohon ya ɗauko rigar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ɗora a cinyarsa.

"Ba don bakinka zan ba ka ba," ya ce. "Na kusa tafiya, kuma in na tafi babu wanda zai san an taɓa yin sa. Ina son mutane su gan ta sau ɗaya. Amma yadda na ba ka, haka za ka dawo mini da ita."

Tela ya bugi ƙirji. "Baba, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya yi mini bayani."

Ina tsaye da rikoda a hannu, kuma wallahi tsoro ne ya kama ni, don na san bugun ƙirjin nan.

Washegari da safe na ji ana facal-facal a bayan shago. Na leƙa. Ga Darakta ya naɗe ƙafar wando, kaki tara a cikin baho ɗaya, kumfa har gwiwar hannu.

"Me kake yi haka?"

"Warin adaka suke yi. Manyan ƙasa za su zo su toshe hanci?"

"Takardun fa?"

Ya tsaya. Ya tsoma hannu a bahon, ya fito da wani abu kamar an tauna an tofar. Sunayen mutum takwas ke nan da labarinsu, sun zama dunƙule ɗaya.

"Ba komai," ya ce, ya yarfar. "Duk suna cikin kaina."

Tabon da ya ƙi fita ya bi shi da bilic da buroshi. Da suka bushe ya zauna a kan keke. A nan dole in ba shi haƙƙinsa. Ɗinkin Tela abin tausayi ne, in ya yi maka riga sai ka karkata kafaɗa kafin hannuwan su zo daidai. Amma faci, ban ga na biyunsa ba. Yakan zare zare daga cikin kalmasar rigar, ya saƙa shi a wurin da ya yage, ko da fitila ka zo ba za ka gane wurin ba. Kuma tela ne, ba ya iya ganin huji ya wuce. Kwana biyu ya yi yana bin kakin nan, ya toshe duk wata ɓula, ya cire tsofaffin maɓallai ya sa sababbi masu ƙyalli, ya zuba sitati, ya danna guga. Da ya rataye su sai ka rantse jiya aka sayo su daga kanti.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci. Ta bi layin riguna da kallo, ta sake bi.

"Malam, ina rigar ƙanen Baba?"

"Ga ta a gabanki. Ba ki gane ta ba, ko? Aikin gwani ke nan."

Ta ajiye kwanon a hankali. "Ina hujin?"

"Na toshe."

"Jinin fa?"

"Ya sha wuya kafin ya fita, amma ya fita."

Ta dafe ƙirji ta saki salati, har mai aski ya taho da almakashi a hannu.

"Ka toshe? Shekara sittin yana ajiye da hujin nan! Rigar ce yake ajiye da ita, ko an ce maka ya rasa tufafi ne? Wallahi in Baba ya ga wannan, ka nemi inda za ka sa kanka, ni ma in nemi inda zan sa nawa."

Gumi ya keto wa Darakta, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kwantar da hankalinki. Wanda ya toshe shi ne zai buɗe."

Ya shimfiɗa rigar a tebur. Ya shafa, ya ɗaga ta saitin rana, ya juya cikinta waje, ya ari gilashin da nake duba wayoyin rediyo da shi. Babu. Mutumin ya yi facin da shi kansa ya kasa ganowa.

"A ina yake?" ya tambayi matarsa.

"Ƙarƙashin aljihu."

"Wane aljihun? Biyu ne."

"Kai da ka toshe ba ka sani ba, sai ni?"

Ta ɗauki mayafinta ta fita tana share ido. Shi kuwa ya leƙo ta saman falanki ya ce in ara masa filaya. Na ara masa, kuma har yau ina jin kunyar wannan aron. Ya samo ƙusa 'yar inci shida, ya cusa ta cikin garwashin dutsen guga har ta yi ja, ya rufe ido ɗaya, ya zaɓi aljihun dama, ya soka. Ƙauri ya tashi. Huji ya fito, gefensa baƙi. Ya tsoma yatsa a ruwan shayi ya ɗiga masa.

Mai aski ya karkata kai ya duba. "Kai, wannan kam ta je yaƙi. Sauran takwas ɗin dai kamar na masu gadin makaranta."

Zolaya yake yi. Amma Tela ba ya jin zolaya, yabo kawai kunnensa yake ɗauka. Ya dubi takwas ɗin, ya dubi ƙusa, idonsa ya yi ƙyalli.

"Mai rediyo, ƙaro gawayi."

Tun daga azahar har la'asar yaƙi ake yi a shagon nan. Wata riga ta sha biyu, wata huɗu. Wata mai faɗin ciki, da yake akwai fili, ta sha bakwai. Mutanen titi suna tambaya ko taya ake ƙonawa. Da ya gama sai ya ga rigar ƙanen Baba, wadda za a sa a tsakiya, ita ce mai huji ɗaya tal.

"Ba zai yiwu ba. Babban jarumi a bar shi a baya? Kuma mutane zagaya ta za su yi. Su je baya su tarar da shi fayau? Ado ba ya zama gefe ɗaya."

"Tela, ka bar rigar nan haka."

"Darakta."

"Darakta, don Allah ka bar ta."

Ya kife ta, ya ɗauko tef ɗin awo da alli, ya auna tsakanin kafaɗu, ya ɗiga alama uku, tazara daidai wa daida. Ya soka, ya soka, ya soka. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban san abin da huji a baya yake nufi a wurin soja ba. Tausayin rigar kawai nake ji.

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe. An kafa rumfa a gaban shago, an jera kujeru, na ɗaura lasifika a jikin falwaya. Manyan ƙasa ba su samu zuwa ba, amma unguwa ta cika, kuma tsofaffin sojojin sun zo da sandunansu, an zaunar da su a sahun gaba. Baba Kofur yana tsakiya, 'yarsa tana gefensa kanta a sunkuye. Darakta ya fito da jar hula a karkace da bel mai faɗi a kan doguwar riga, ya ƙame, ya sara wa jama'a da hannun hagu.

Aka yaye labule. Mutum-mutumin da ya sanya wa kakin daga shagon mai kayan mata ya aro su, saboda haka sojoji tara suka bayyana da ƙirji a cike da ƙugu a matse. Wata tsohuwa, matar marigayi Saje, ta gyara tabarau.

"Ni dai shekara arba'in na zauna da shi, ban san yana da wannan ba."

Darakta ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki sanda ya nuna riga mai faɗin ciki.

"Jama'a, ku ƙirga da kanku. Harsashi bakwai! Wannan bawan Allah shi kaɗai ya tare gada, ya kashe arba'in, na bakwai ya same shi a saitin zuciya, ya faɗi yana murmushi. Allah ya jiƙansa."

Jama'a suka ce amin. Kuku ya ɗaga sanda.

"Ɗana, rigata ce fa."

"Na'am?"

"Rigata ce. Ga ƙunar tukunya nan a hannu, ita kaɗai ka bari. Ga ni nan zaune, ban mutu ba."

"Allah mai iko!" in ji Darakta cikin lasifika. "Jama'a, kun ga abin al'ajabi? Harsashi bakwai, ga shi da ransa!"

"Babu wanda ya taɓa harbina! Lafiya lau na ba ka rigar nan. Shekara huɗu ana yaƙi ba ta huje ba, sati biyu a hannunka ta zama rariya!"

Mai aski ya faɗo daga kan benci. Matar Saje ta miƙe tana neman rigar mijinta, aka nuna mata wata, ta ce mijinta igiya uku gare shi, wannan babu ko ɗaya. Wani tsoho da ya yi aikin akawu a barikin soja ya tarar an harbe shi sau huɗu a ciki, ya ce a nuna masa wanda ya yi, shi biro kawai ya riƙe. Kowa yana magana, Darakta yana ta cewa a yi haƙuri, tarihi yana da faɗi. Da ya ga abin zai ƙwace masa sai ya ruga tsakiya, inda ya ajiye babban makaminsa.

"Ku saurara! Ga uban su duka. Rigar ƙanen surukina ce, ga surukin nawa Baba Kofur nan zaune ya ba da shaida. Ku dubi gaba, ɗaya." Ya kama kafaɗar mutum-mutumin ya juya shi da yanga. "Ku dubi baya. Uku!"

Matasa suka tafa. Sahun gaba bai tafa ba. Kuku ya sauke sandarsa. Akawun ya kau da kai. Dariya ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya, har aka koma jin ƙugin lasifikata kaɗai.

"Me ya ce?" Baba Kofur ya tambayi 'yarsa. Ta ƙara sunkuyar da kai.

Kuku ne ya ce a hankali, "Ya ce a baya aka same shi, Kofur. Sau uku."

Sai a lokacin na gane. Wanda aka harba a baya, gudu yake yi.

Tsohon ya miƙe. Bai yarda a riƙe shi ba. Ya taka har gaban rigar, ya kai hannu bayanta, ya bi hujin nan uku ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya zagayo gaba ya taɓa na dama.

"Ƙanena bai juya baya ba," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma lasifikar tana kusa, har bakin titi an ji. "Shekararsa goma sha tara. Ina gefensa. Tsoro yake ji, haƙoransa suna kaɗawa, ni ma haka. Na ce masa mu gudu. Ni na ce. Shi ya ce a'a."

Darakta ya buɗe baki. "Baba, ai dama abin da nake shirin..."

"Cire ta daga jikin matar nan."

Tela ya cire, maɓallan nan masu ƙyalli suna ƙin fita. Tsohon ya karɓa ya zauna a kan kujerar keken ɗinki, ya shimfiɗa rigar a cinya. Bai duba ba, idon ma ba zai taimake shi ba. Yatsansa ya tafi kai tsaye ƙarƙashin aljihun hagu, ya tsaya a wurin da babu komai sai lafiyayyen yadi.

"Nan ne. Warware."

Tela ya durƙusa a ƙasa a gaban unguwa duka, jar hular ta zame ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ɗauki reza ya fara tsinke zarensa ɗaya-ɗaya. Aikin ya yi kyau ƙwarai, don haka ya daɗe. Ba wanda ya tashi. A hankali yadin ya buɗe, ga shi nan, ɗan ƙarami, ko ɗan yatsa da ƙyar zai shiga, gefensa fari tas saboda bilic. Tsohon ya ɗora babban yatsansa a kai ya rufe ido. 'Yarsa tana kuka, ni ma na juya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Tsohon ya naɗe rigar da kansa, ya mayar da ita cikin farin ƙyallenta. Tela yana nan a durƙushe, muryarsa ta koma ƙarama.

"Baba, ka bar mini ita zuwa gobe. Sauran huɗun zan toshe su, wallahi ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Na san za ka iya," in ji tsohon. "Bar su."

"A bar su, Baba?"

Ya rungume ƙunshin, ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe.

"Ai ka ce labari kake tarawa. To, ga shi, ka riƙe. Duk wanda ya tambaya, huji ɗaya maƙiyi ne ya yi masa, suna kallon juna. Huɗu kuma mijin 'yata ne, uku ta baya."